Talla aka ɗauke ni yi, ko amsa ƙorafi?

Sabuwar ma'aikaciya:

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin abin ku fitar da ni daga duhu.

Wata huɗu ke nan da wani ƙaramin kamfani mai ɗinka jakunkunan makaranta ya ɗauke ni a matsayin mai kula da maketin. A tunanina aikin shi ne in tsara hoto mai kyau, in rubuta kalamai masu jan hankali, in biya Facebook ya yaɗa. Haka na yi a watan farko. Na ɗora jakarmu mai ruwan toka a kan farin tebur, haske ya bugi zif ɗin yana ƙyalli, na ɗauka na saka. Jama'a suka yi ta dannawa, amma ciniki shiru kamar an shuka dusa.

Da na bi sawu sai na gano dalili. A ƙasan tallan, wata mata ta saka nata hoton: jakar ɗanta, zif ya wangale baki, littattafai na leƙowa, ta rubuta cewa sati uku kacal ta yi. A duhu ta ɗauki hoton, da alama ma hannunta na rawa, amma ya fi nawa samun martani nesa ba kusa ba. Ni na biya kuɗi na tara mutane, ita ta yi musu jawabi.

Tun daga nan rabin yinina a amsa saƙonni yake ƙarewa, sauran rabin a kai ƙorafi ɗakin ɗinki da ƙura wa alƙaluma ido. Jiya kuma maigidan ya ce in shiga zaman da za a zaɓi sabon zif. Na ce ai wannan aikin maɗinka ne, ya ce a'a, maketin ne. Shin ma'anar kalmar ce ta canza ban sani ba, ko dai aikin mutum uku aka jibga mini da albashin mutum ɗaya?

Tsohon hannu:

Wa alaikumus salam 'yata. Sai da na dara da na karanta. Ba zan rantse miki cewa maigidan naki ba ya ci da guminki ba, amma a kan zif dai gaskiya ya faɗa.

Na yi shekaru ina sayar wa kamfanoni fili a jarida da daƙiƙoƙi a rediyo, kuma ko a lokacinmu talla reshe ɗaya ne na bishiyar. Tun 1960 wani malamin jami'a a Amurka, Jerome McCarthy, ya kasa abin gida huɗu: hajar kanta, farashinta, inda mai saye zai same ta, sannan tallata ta. Zif ɗinki yana gidan farko. A shekarar kuma wani masanin kasuwanci, Theodore Levitt, ya yi rubutu a mujallar kasuwanci ta Harvard cewa kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka sun ja baya ne don sun ɗauka sana'arsu jirgi ce, alhali sana'arsu kai mutum da kayansa inda za su je ce. Kin ga ke nan maganar ba sabuwa ba ce.

Abin da ya canza shi ne wa ke riƙe da lasifika. A zamaninmu mu kaɗai muke magana. In zif ya ɓalle, uwar yaro ta gaya wa maƙwabciyarta da ƙanwarta, zancen ya mutu a nan, gobe mu sake sa tallanmu kamar ba a yi komai ba. Yanzu maƙwabciyar tata duk wanda ya ga tallanki ne. Ku kun ma ji daɗi ta wani fannin: mu sai ciniki ya faɗi wata shida kafin mu san zif ne.

Mai bin alƙaluma:

Baba, a gafarce ni, akwai sauran rina a kaba. Ba lasifika kaɗai ta sauya hannu ba, abin da ake saye ma ya sauya.

Ku fili kuke sayarwa. Da intanet ta zo ma da haka aka fara: a Oktoban 1994 kamfanin AT&T ya sayi wani ɗan tsiri a saman shafin wata mujallar intanet mai suna HotWired, kamar dai allon bakin titi. Sai Google ya fito da tsarin tallansa mai suna AdWords a 2000, a 2002 ya koma karɓar kuɗi sai an danna. Facebook ya buɗe tsarin tallansa a 2007. Daga nan aka daina sayen fili, aka koma sayen idon mutum ɗaya a daidai wani lokaci. Duk sanda wani ya buɗe wayarsa, gwanjo ake yi cikin ƙiftawar ido kan tallan wa za a nuna masa.

Kuma Yaya, ga inda abin ya shafe ki kai tsaye. A gwanjon Facebook ba kuɗi kawai ake dubawa ba. Ana auna yiwuwar mutum ya yi abin da kike so, ana auna ingancin tallan, har da yawan masu ɓoye shi ko kai ƙararsa. Wato ɓacin ran mutane yana iya ƙara miki tsadar talla. Zif ɗin nan yana cikin lissafin kasafinki ko kin so ko kin ƙi.

Shawara biyu. Kada ki goge hoton matar, wani ya riga ya ɗauki hoton allon, in ya sake sakawa sai abin ya zama biyu. Sannan ki fara tara lambobin waya ko imel na waɗanda suka saya, da izininsu. Shafinki na Facebook gidan haya ne, ƙa'idoji na iya canzawa ba da shawararki ba. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar kare bayanan mutane a Mayun 2018. A Afrilun 2021 Apple ya tilasta wa manhajoji su nemi izini kafin su bibiyi mai iPhone, har Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya ce abin zai rage masa kusan dala biliyan 10 a 2022. In babban mai gida ya girgiza haka, ina ga ɗan haya.

Malamar kasuwanci:

'Yar'uwa, ki riƙe maganar ɗan'uwanmu na sama, amma ki sa mata gishiri daidai. Ina tsoron alƙaluman nan, domin wanda ke sayar miki da talla shi ne ke ba ki sakamakon jarrabawar tallan.

Akwai wani gwaji da masana tattalin arziki suka yi a eBay, wata kasuwar saye da sayarwa ta intanet, aka buga shi a 2015. Sun dakatar da tallan da ke fitowa in mutum ya rubuta sunan eBay a injin bincike. Kusan duk mutanen suka shigo ta mahaɗin kyauta da ke ƙasa. Ashe kamfanin yana biyan kuɗi ne ya kawo waɗanda dama suna hanya. Allon lissafi kuwa da can yana nuna tallan na aiki ba kama hannun yaro. Ke ma kin ɗanɗana: dannawa rututu, aljihu wayam.

Ana jingina wa wani tsohon ɗan kasuwar Amurka, John Wanamaker, cewa rabin kuɗin tallansa asara ne, matsalar bai san wane rabin ba. Har yau ba mu gama fita daga nan ba, sai dai yanzu jahilcin namu yana zuwa da jadawali mai launi.

Game da tambayarki kuwa, duka biyun ne. Ma'anar ta faɗaɗa: ko ƙungiyar masana maketin ta Amurka a 2004 ta sa kula da alaƙa da masu saye cikin fassarar kalmar. Amma faɗin ma'ana bai ce mutum ɗaya ya yi komai ba. Ki rubuta awannin da amsa saƙo ke cinye miki a sati, ki kai wa maigidan a takarda.

Sabuwar ma'aikaciya:

Na gode ƙwarai, Baba, Malama da ƙanena. Allah ya saka da alheri.

Na shiga zaman yau. Na tafi da hotuna 11 da na tattara daga saƙonni, na baje su a kan teburin yanka. Babban maɗinkin ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya ɗauki na biyu, sai ya yi shiru. Duk a wuri guda suke ɓallewa, a kusurwar sama ta dama inda zif ke lanƙwasa, wurin da yaro ke finciko shi in jaka ta cika. Ya ce ashe ba zif ɗin ne da laifi ba, lanƙwasar ce ta yi tsini, zai gyara tsarin yankan. Saura kaɗan mu sayi zif mai tsada a banza.

Matar kuma na amsa mata a fili a ƙasan hotonta, mun aika mata wata jakar. Ba ta ce komai ba tukuna, hoton ma yana nan.

Ƙanena, wannan tara lambobin da ka ce, a takardar rasit zan sa wurin neman izini, ko sai bayan kaya sun isa hannunsu in tambaya?