Neanderthal da Hausa: Samudawa, mutanen kogo, ko wani suna dabam?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Labaran kimiyya na Hausa suna barin kalmar Neanderthal, sunan wani jinsin mutanen zamanin da wanda ya ƙare, yadda take, kuma tana sarƙe harshen mai karanta labarai. Wasu na rubuta "mutanen kogo", wasu ma "Samudawa". Ina neman suna guda da zai ba mu namiji da mace da jam'i, ba tare da ya ɓatar da mai sauraro ba. Malamai, bismillah.

Malamin Tarihi:
Wa'alaikumus salam. A fara cire Samudawa. Sunan al'umma ne da Alƙur'ani ya ambata, bai kamata a cakuɗa ba. Sannan in Bahaushe ya ce Basamude, ƙato dogo yake nufi, alhali waɗannan gajeru ne kakkaura. Namijinsu bai cika wuce santimita 165 ba, mace kuwa wajen 155. Ƙirjinsu faffaɗa, ƙwauri da sangalin hannu gajeru, irin jikin da ke riƙe ɗumi a ƙasar sanyi.

"Mutanen kogo" ma bai yi ba. An fi samun ƙasusuwansu a kogo ne domin kogon dutsen farar ƙasa yana kare ƙashi daga ruwa da rana, na fili kuwa ya ruɓe. Sun zauna a sarari, kuma irinmu, wato jinsin mutanen yau, su ma sun zauna a kogo, don haka sunan bai bambance kowa ba.

Asalin kalmar sunan wuri ne. A 1856 masu fasa dutse a wani kwari kusa da Dusaldof a Jamus suka tono ƙoƙon kai da wasu ƙasusuwan hannu da na cinya a kogon Feldhofer. Sunan kwarin Neander, "tal" kuwa kwari ke nan da Jamusanci. A 1864 masani William King ya buga sunan kimiyya Homo neanderthalensis. Wanda ya rubuta "kwarin Neanderthal" ya ce kwari sau biyu ke nan. Mu yar da wutsiyar, mu bi hanyar da Hausa ke danganta mutum da wuri: Bakatsine, Bakatsiniya, Katsinawa. Sai mu ce Baniyande, Baniyandiya, Niyandawa.

Likitar Ƙashi:
Allah gafarta Malam, sunan ya zauna a baki, amma ina da ja. Wanda ya ji "Niyandawa" zai ɗauka wata ƙabila ce mai sarki da kasuwa. Bambancinsu da mu a ƙashi yake, kuma ba ƙarami ba ne. Ƙoƙon kansu dogo ne daga gaba zuwa ƙeya, ba zagayayye kamar namu ba. Goshi kwantacce, ƙashin gira ya yi tudu a saman idanu, ramin hanci babba, tsakiyar fuska ta turo gaba, ga wani ƙullutu a ƙeya. Haɓa mai tsini irin tamu ba su da ita, kuma a bayan turmin haƙori na ƙarshe na ƙasa akwai giɓi. Ƙwaƙwalwarsu ta kai tamu girma, wasu ma sun ɗara.

Kuma kwarin ba mahaifarsu ba ce. An riga an samu ƙoƙon kan wani yaro a Engis ta Beljiyam wajen 1829, da wani ƙoƙon kai a Jibralta a 1848, ba a dai gane su ba ne a lokacin. Sun bazu daga Fotugal har duwatsun Altai na Sibiriya.

Ɗan Damagaram:
Me ya sa ba Niyandarawa ba? Ina "r" ɗin ta tafi?

Malamin Tarihi:
Bajamushe ma ba ya kaɗa ta a ƙarshen kalma, kusan "Neanda" yake furtawa. Niyandarawa ta yi nauyi a banza.

Malamar Ƙwayoyin Gado:
Hajiya Likita, abin da kike gani aibi, ni shi ya ja ni ga sunan. Kuskuren da ya daɗe yana bin waɗannan mutane shi ne mayar da su dabbobi. Bayan an tono ƙasusuwan wani tsoho a La Chapelle-aux-Saints ta Faransa a 1908, masani Marcellin Boule ya kwatanta shi a duƙe, gwiwa a tanƙware, alhali dattijo ne da ciwon gaɓoɓi ya cinye wa ƙashin baya. Wannan hoto ya yi shekaru a littattafai. A kogon Shanidar na Iraƙi kuwa, Ralph Solecki ya tono wani da hannunsa na dama ya shanye, ƙashin gefen idonsa na hagu ya taɓa karyewa, raunukan sun warke, ya rayu har ya manyanta. Da wuya mai irin wannan lalura ya kai haka ba tare da masu jinya ba. Suna hura wuta, suna haɗa ƙaro daga ɓawon bishiya su liƙa kaifin dutse a ƙota.

Ga kuma jini. A 2010 tawagar Svante Pääbo ta fitar da taswirar ƙwayoyin gadonsu, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2022. Mutanen da asalinsu ba Afirka ba suna ɗauke da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari daga gare su. Binciken 2020 ya gano ɗan kaɗan a 'yan Afirka ma, kimanin kashi 0.3, galibi ta hanyar waɗanda suka dawo nahiyar daga waje. Waɗanda aka haihu da su, sunan mutane ya dace da su.

Likitar Ƙashi:
Na yarda, Malama, da sharaɗi. A ambaton farko a rubuta "Niyandawa, wani jinsin mutane da ya ƙare kimanin shekara 40,000 da suka wuce", a littafin makaranta a ƙara sunan Latin. Kalmar "jinsi" kada ta fita, ita ce ke hana a ɗauke su ƙabila.

Sannan a guji ƙirƙiro "Niyandanci". Mai ji zai zaci harshe ne, ƙashin maƙoshinsu da aka samu a kogon Kebara na Isra'ila kuwa kamanninsa da namu kawai ya nuna, bai tabbatar da suna da harshe ba. Kada kuma a laƙaba shi ga salon sassaƙa dutsen da ake kira Mousterian, domin irinmu ma sun yi wannan sassaƙa a Gabas ta Tsakiya, kamar a kogon Qafzeh. In an samu kayan dutse babu ƙashi a gefensu, a rubuta "kayan dutse" kawai, kada a ce na Niyandawa ne.