Ƙidayar Noma: Indiya Duk Shekara 5, Mu Sai Bayan Kusan 30

Malamin Gona: Assalamu alaikum. Jiya a wajen rabon taki na ce rashin ƙidayar noma a kai a kai ne ya sa kason garinmu ba ya isa, wasu suka ce na zuzuta. Ga hujjata. Indiya ta fara ƙidayar gonakinta a kakar 1970/71, tun daga nan take maimaitawa kusan duk shekara biyar, har ta kai ta 11 a 2021/22. Mu kuwa a Najeriya an yi tamu a 1993/94, Jigawa ba ta daɗe da rabuwa da Kano ba, sannan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ba ta sake ba sai 2022, alhali FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana ba ƙasashe shawarar kada su wuce shekara goma. Yaron da aka raɗa wa suna a lokacin ƙidayar 1993/94, da aka zo ta 2022 shi ne magidanci mai gonarsa.

Sarkin Noma: Wa alaikumus salam. Malam, ban ƙi lissafinka ba, amma ka tambayi tsofaffi abin da baƙauye yake yi idan ya ga baƙo da takarda yana tambayar yawan shanu. A zamanin jangali, da an ji masu ƙirga sun doso, sai a kora rabin garke cikin fadama tun da asuba. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, amma tsoron bai fita daga zukata ba. Yanzu kuma abin ya juya: idan aka ji ƙirgar ta tallafi ce, mai kadada ɗaya sai ya ce biyar gare shi. Ko duk damina za a zo, abin da aka faɗa musu shi za su rubuta.

Malamin Gona: Ranka ya daɗe, ai maimaitawar ce take tona ƙarya, domin garin da gonakinsa suka ninka cikin shekara biyar ba tare da an sari daji ba dole a koma a duba shi.

Malamin Makaranta: Baba Sarkin Noma ya taɓo wurin da nake ganin kwatancen ya yi rauni. A yawancin jihohin Indiya ba daga bakin manomi ake fara ɗaukar girman gona ba. Akwai kundin filaye a ƙauye da ma'aikacin da yake riƙe da shi, kowace gona da lambarta da faɗinta, masu ƙidaya kuma daga wannan kundi suke tattara adadin, shi ya sa aikin yake zuwa musu da sauƙi har su iya maimaitawa. Da haka suka gano cewa a 2015/16 matsakaiciyar gona a ƙasarsu ta ragu zuwa hekta 1.08. Mu a nan iyakar gona layin gamba ce ko wata tsohuwar kuka, shaidarta kuma tana kan dagaci da maƙwabta. Gonar kakanmu da ke hanyar rafi an raba ta gado sau biyu a idona, yau mutum tara ne a cikinta, biyu sun ba da jingina, ɗaya ya ba da aro ya tafi cirani. Wa mai ƙidaya zai rubuta?

Shugabar Mata: Malamai, ku ƙara da wannan. Mai ƙidaya a zaure yake tsayawa, maigida ne yake amsa masa, shi kuwa sau da yawa bai san adadin awakin da ke cikin gidansa ba, balle shinkafar da muke turarawa mu kai kasuwa. Idan za a riƙa yi duk shekara biyar a zaure, duk shekara biyar za a riƙa tsallake mu.

Malamin Gona: Hajiya, wannan gyara ne na yadda ake tambaya, kuma na karɓa. Sai dai ko da wannan naƙasu, ƙidayar 2022 ta nuna gidaje wajen miliyan 40 ne suke noma a ƙasar nan, Kano ce kan gaba. Kafin nan da wane adadi ake tsara kasafin taki da iri?

Malamin Makaranta: Malam, a nan ne muka rabu. Ta 2022 ƙidayar samfuri ce, an zaɓi wasu yankuna ne a ƙananan hukumomi aka ƙirga, aka ƙiyasta sauran. Tana iya gaya wa gwamnati buhu nawa jiha take buƙata, amma ba ta ɗauke da sunan kowane manomin garinmu, saboda haka ba ita za ta hana wanda bai taɓa riƙe fartanya ba shiga layin taki. Wannan aikin rajistar manoma ne, kuma abu ne daban.

Malamin Gona: To, na janye rabin maganata. Wanda ya karɓi buhu ba aikin ƙidaya ba ne, amma yawan buhunan da aka turo aikinta ne, kuma a kan wannan ina nan a kan bakata.

Sarkin Noma: Madalla. Tunda kundin ƙauye ne tushen abin, ranar Juma'a bayan an sauko zan yi wa dagaci magana, mu fara rubuta gonakin fadama da masu nomansu kafin a shiga aikin rani. Hajiya, a turo mana mata biyu masu rubutu da za su shiga gidaje.