Shawarwarin malaman jinya kan koyar da gwaje-gwaje

A zaman da wasu malaman jinya suka yi a Gombe, an fi daɗewa kan ɗibar jini, don nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wata tsohuwar nas ta ce a saba musu da rubuta suna a jikin kwalba tun a bakin gadon majinyaci, ba sai an koma tebur ba. Kuma a juya kwalbar a hankali, kada a girgiza ta kamar maganin tari: in jajayen ƙwayoyin jini suka fashe, fotasiyam, wani sinadari da ake aunawa a jini, kan fito sama da gaskiyarsa.

Gwajin maleriya na tsinke kuwa, a duba shi a lokacin da kwalinsa ya faɗa, yawanci minti 15 zuwa 20. Sugan jini kuma in ya gaza 3.9 a ma'aunin mmol/L, ya yi ƙasa sosai, a tashi tsaye.

An ɗan yi ja-in-ja kan Widal, wato gwajin jini na taifod. Ni dai ina bayan masu cewa gwaji ɗaya bai isa a ce wa mutum yana da taifod ba, duk da yadda jama'armu ke son jin kalmar.