Shin tururin wayar salula yana jawo kansar ƙwaƙwalwa?

Kawu: Assalamu alaikum. An turo min saƙo wai Hukumar Lafiya ta Duniya da bakinta ta ce wayar salula na jawo kansar ƙwaƙwalwa. Masu ilimin cikinmu, ku fito ku yi mana bayani.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Kawu. An ƙara wa maganar gishiri. A 2011 cibiyar binciken kansa ta hukumar, IARC, ta sa igiyoyin rediyo, wato tururin da waya ke fitarwa, a rukunin 2B, ma'ana "mai yiwuwa", domin hujjar ba ta da ƙarfi. Tururin waya ba irin na hoton ƙashi ba ne, ba shi da ƙarfin lalata ƙwayar halitta. Abin da aka tabbatar yana yi shi ne ɗumama nama, shi ya sa aka kafa iyakar ƙarfin tururin da jiki zai sha: a Amurka wat 1.6 a kowane kilogiram, a Turai wat 2 ga kai da gangar jiki.

Yaya Babba: To ɓerayen fa? A 2018 wani binciken gwamnatin Amurka ya samu ƙari a zuciyar ɓeraye maza da aka haska da tururin waya.

Injiniya: Gaskiya ne, Yaya. Amma duk jikinsu aka riƙa haskawa, kusan awa 9 kullum har shekara 2. Kuma waɗanda aka haska ɗin sun fi sauran tsawon rai. Ba a gina hukunci a kan irin wannan shi kaɗai.

Auta: Ni abin da ya dame ni daban ne. A Satumbar 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12, saboda da aka auna ta a matsayin wayar da ke hannu ko aljihu, an samu wat 5.74, alhali iyakar Turai ga gaɓoɓi irin su hannu da ƙafa 4 ce. Wayar ta kusan shekara 3 a kasuwa kafin a gano!

Anti Likita: Auta, kin yi magana. Sai dai an bar tazara mai faɗi tsakanin iyakar da matakin da cutarwa ke farawa, don haka tsallake ta ba ya nufin an cutu nan take. Apple ya gyara da sabunta manhaja. Ni abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024. An tattara bincike 63, ba a ga alaƙa da kansar ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka haura shekara 10 suna amfani da waya.

Yaya Babba: Na karɓi wannan, Likita. Amma ban janye ba a kan sa ido. Ƙasashe nawa ne ke ɗauko waya daga kasuwa su auna da kansu kamar Faransa? Kamfani ya miƙa takardar gwajinsa, sai a ce an gama?

Injiniya: A nan ina bayanki, Yaya. Mai son rage tururin kuma, ya sani waya ta fi fitar da shi idan sabis ya yi rauni, domin sai ta ƙara ƙarfi kafin ta kai ga eriya. A irin wannan lokacin a buɗe lasifika ko a sa abin kunne.

Auta: Yaya Injiniya, wayoyin jabu da ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba fa, wace iyaka suke bi?