Gwajin ADN na miyau: zai iya nuna ko ciwon daji na baki da maƙogwaro zai dawo?

Ma'aikacin jinya, Tawa:
Assalamu alaikum malamai. Masu ciwon daji na baki da maƙogwaro da ake turawa Yamai, bayan aiki da gashin rediyoterapi sukan koma gida, komawa bincike kuma tafiya ce ta sama da kilomita 500. An ce ana iya gano ADN, wato sinadarin gado na ƙwayoyin halitta, na ciwon a cikin miyau. Shin za a iya ɗibar miyau a nan, a aika, a san wanda ciwonsa zai dawo? Me ake nema a ciki, kuma yaya ake ɗiba?

Likitar ORL (kunne, hanci da maƙogwaro), Yamai:
Wa alaikumus salam malam. Amsar ta danganta da inda ƙarin yake zaune. A 2015 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun gwada mutum 93. Duk wanda ciwonsa ke cikin baki, kamar harshe, dasashi ko kunci, an ga ADN ɗin ciwon a miyansa. Amma na can ciki, wajen amigdal (tsokoki biyu na gefen maƙogwaro), tushen harshe da akwatin murya, abin ya sauka tsakanin kashi 47 da 70 cikin ɗari, a nan jini ya fi miyau kamawa. Dalili a fili yake: ƙarin baki miyau na wanke shi dare da rana, na ƙasa kuwa ba ya taɓa shi sosai.

Inda gwajin ya fi ƙarfi shi ne ciwon amigdal da tushen harshe da wata ƙwayar cutar virus mai suna HPV16 ta haddasa. Wani bincike na 2015 ya bi mutum 124. Biyar ne HPV16 ta ci gaba da bayyana a ruwan kurkurar bakinsu bayan magani, kuma duka biyar ciwon ya dawo musu. Sai dai cikin sauran 119 da ƙwayar ba ta ci gaba da bayyana a nasu ba, tara ma ya dawo musu. To ka gani: in gwaji ya ce akwai, a tashi tsaye a duba da kyamara da sikana. In ya ce babu, ba a sallami mutum ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, a ce wa majinyaci miyanka ya yi kyau, shi kuma ya daina zuwa.

Kada a haɗa da ciwon bayan hanci. Shi ADN na wata ƙwayar virus daban mai suna EBV ake aunawa, a jini, domin masu lafiya da yawa ma suna zubar da EBV a miyau.

Ma'aikacin laboratwar, Yamai:
Hajiya likita ta gama da wancan ɓangare. Ni ɗibar zan yi magana a kai, don a nan ake ɓata yawancin samfur tun bai iso ba.

Minti 30 kafin ɗiba, ba ci, ba sha, ba taba, ba asuwaki. A wajenmu sai an ambaci goro da shayi da tabar da ake tauna da kanwa da sunansu, in ba haka ba mutum zai ce bai ci komai ba alhali goro na bakinsa. Sinadaran ɗaci da ke cikinsu suna iya danne aikin PCR, wato gwajin da ke ninka ADN har a iya ganinsa, sakamako ya fito babu ko da akwai. Asuwaki kuma yana fasa dasashi, jini ya shiga, ADN na fararen ƙwayoyin jini ya rinjayi ɗan abin da ake nema.

Ana ba shi mililita 10 na ruwan gishirin asibiti, ya kurkure baki, ya ɗaga kai ya kurkura har maƙogwaro, gaba ɗaya daƙiƙa 30, ya tofa a kwalba mai murfi. Kurkurar ta fi tofa miyau zalla, musamman ga wanda aka gasa, domin hasken yana lalata gaɓoɓin da ke samar da miyau, baki ya bushe, abin da ya fito ya yi kauri yana yauƙi. Daga nan kwalba ta shiga ƙanƙara nan take, a juya ta a injin tacewa, a ajiye abin da ya kwanta a ƙasa a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ko aƙalla 20. In an bar ta a zafin Afrilu, ƙwayoyin cuta na baki za su hayayyafa, sinadaran miyau kuma su yayyanka ADN. Daga Tawa, abin da ya dace shi ne kwalaben da suka zo da ruwan adanawa a ciki, irin su Oragene, waɗanda ba sa buƙatar firigo.

Kuma a ɗibi samfur kafin a fara magani. In ba a san alamar tana nan tun farko ba, ɓacewarta daga baya ba ta nufin komai.

Malamin nazarin nama, Yamai:
Bari in ƙara abu ɗaya, ɗan'uwa. Ciwon da taba da giya suka jawo galibi ba shi da HPV, don haka neman HPV16 a miyansa aikin banza ne. A irinsa ana neman sauyin da ya auku a ƙwayar gado, mafi yawa TP53, wani lokaci PIK3CA ko NOTCH1. Matsalar ita ce kowane majinyaci da irin nasa sauyin. Dole a fara karanta ADN na naman da aka yanko, a gano sauyin, sannan a neme shi a miyau da PCR mai ɗigo-ɗigo, wadda ke iya kama ɗaya cikin dubu. PCR ta yau da kullum ba ta kai nan ba.

Hanya ta biyu ita ce duba ko an rufe bakin ƙwayoyin gado masu tsare jiki, kamar p16, MGMT, DAPK da TIMP3, ta hanyar metilasiyo, wato maƙalewar wani sinadari a kan ADN. Akwai binciken da ya danganta rufewar TIMP3 a miyau da dawowar ciwo a wurinsa na farko. Amma sai an jiƙa ADN da sinadarin bisulfit, wanda ke lalata da yawa daga cikinsa, sannan tsufa da shan taba su ma suna kawo wannan alama ga mai lafiya. Shi ya sa har yanzu aikin bincike ne, ba a yanke hukuncin magani da shi.

Ma'aikacin jinya, Tawa:
Allah ya saka da alheri. Ke nan yanzu me ya kamata mu riƙe a nan?

Likitar ORL, Yamai:
Ka tabbata takardar biyopsi, wato sakamakon gwajin naman da aka yanko, tana hannun majinyaci, in na amigdal ne ko tushen harshe a nemi a rubuta sakamakon p16, gwajin nama da ke nuna ko ciwon na da alaƙa da HPV. Shekara biyu na farko bayan magani su ne ciwon ya fi dawowa, sai a duba baki da fitila, a shafa wuya duk wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko. Gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, sabon ƙullutu a wuya, ciwon kunne gefe guda, dushewar murya ko rama, a mayar da shi cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ba tare da jiran ranar da aka rubuta masa ba.