Bim ɗin kankare mai rodin zare: abin lura kafin a gwada a kwamfuta

Ga mai son gwada bim (doguwar kankaren da ake girkawa a kwance don ɗaukar nauyin gini) a manhajar kwamfuta, shawarar da injiniyoyi suka fi nanatawa ita ce kada a ɗauki rodin zaren gilashi ko na kabon tamkar na ƙarfe. Ƙarfe yakan miƙe ya ba da alama kafin ya gaza. Rodin zare kuwa ba ya tsatsa, amma lokaci guda yake tsinkewa. Don haka a manhajojin lissafin injiniya irin su Abaqus ko ANSYS, a saita rodin zaren yana miƙewa daidai da nauyin da aka ɗora masa har ya katse.

Sai batun tauri, wato yadda rodi ke ƙin miƙewa idan an ja shi, wanda ake aunawa da ma'aunin gigafaskal. Na ƙarfe yana kai gigafaskal 200, na zaren gilashi kuwa tsakanin 40 da 60 ne. Shi ya sa bim mai rodin zaren gilashi ke lanƙwasawa sosai, tsagar da ke ƙasansa ta buɗe baki tun nauyi bai kai ko'ina ba. Ƙa'idar ACI 440 ta Amurka, mai bayanin gini da rodin zare, ta fi son kankaren sama ya murƙushe kafin rodin ya tsinke.

Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne riƙon da ke tsakanin rodi da kankare. Wasu sun ce a manne su gam a cikin manhajar, lissafi ya yi sauri. Ni dai ina tare da masu cewa a bar wa rodin damar zamewa kaɗan, musamman ga mai neman faɗin tsaga.

An kuma ce a riƙa rage girman ragar lissafin, wato ƙananan gutsattsarin da manhaja ke raba bim ɗin zuwa gare su, har sakamako ya daina sauyawa, sannan a gwama shi da bim ɗin da aka karya a ɗakin gwaji.