Me ya sa hasashen fasinjoji ya kuskure a filin jirgin Mirabel?

Ɗalibin Tsara Birane:
Assalamu alaikum. Ina nazari ne a kan filin jirgin saman Mirabel, wanda aka buɗe a 1975 domin ya gaji filin Dorval na birnin Montreal a Kanada. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, gwamnati ta karɓe ƙasa kimanin hekta 39,000 daga hannun manoma saboda ɗimbin fasinjojin da ake sa ran zuwansu, amma a 2004 jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi daga can. Shin laifin masu hasashe ne, ko kuwa akwai abin da lissafi ba ya iya hangowa?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Mai hasashe yakan dubi yawan jama'a da ƙarfin aljihunsu da farashin tikiti, sannan ya ɗauka cewa yadda zirga-zirga ta ƙaru jiya haka za ta ƙaru gobe. A lokacin da aka tsara Mirabel, Montreal ce ƙofar shiga Kanada ga jiragen Turai, kuma da yawansu sukan yada zango a can su sha mai. Daga baya jirage masu dogon zango suka yawaita, aka ba kamfanonin Turai damar sauka a Toronto, harkokin kasuwanci su ma suka karkata can. Ginshiƙin da aka ɗora lissafin a kansa ne ya gushe.

Hajiya Mai Tikiti:
Malam Injiniya, a gafarce ni, ina ganin babbar matsalar ba daga alƙaluma ta fito ba. An buɗe Mirabel, amma ba a rufe Dorval ba. Jiragen cikin gida da na Amurka suka ci gaba da sauka a tsohon filin. Ke nan wanda ya taso daga Paris zai wuce Winnipeg, wani birni a Kanada, sai ya sauka a Mirabel, ya jira akwatinsa, ya ja shi zuwa bas, ya yi tafiyar kusan awa guda zuwa Dorval kafin ya hau jirgi na biyu, domin jirgin ƙasan da aka yi alkawari bai taɓa samuwa ba. Duk wanda ya taɓa sayar da tikiti ya san fasinja ba ya yarda da irin wannan wahala sau biyu, sai ya ce a bi da shi ta Toronto. Shi ya sa da aka sakar wa kamfanoni mara a 1997 suka koma Dorval. A Hong Kong kuwa, cikin dare ɗaya na watan Yuli 1998 aka rufe tsohon filin jirgi na Kai Tak aka kwashe komai zuwa sabon filin Chek Lap Kok, ba a bar wa kowa zaɓi ba.

Tsohon Injiniya:
Na karɓi gyara, Hajiya, kodayake kuskuren yakan zo ta ɗaya gefen ma. An tsara sabon filin Berlin ne don fasinjoji kusan miliyan 27 a shekara, amma kafin a buɗe shi a Oktoban 2020, tsofaffin filayen birnin, Tegel da Schönefeld, sun riga sun ɗauki fiye da miliyan 35 a 2019. Shi kuwa Mirabel, an rushe ginin fasinjojinsa, yanzu jiragen kaya ke sauka a can, kuma a nan ake harhaɗa jirgin Airbus A220.